Takardar Shaida da Zanen Rumbu

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen rani, shekara ta uku ko ta huɗu bayan samun mulkin kai, da misalin ƙarfe tara na safe. Mu huɗu ne a zauren gidanmu na Gazara: Baba a kan buzunsa, sai Kawu, yayan mahaifiyarmu, wanda magini ne, sai ni, sai autanmu da ya rakuɓe a bakin ƙofa. Kakarmu ta wajen uba tana daga cikin gida, jikin katangar zauren, tana ɓarar gyaɗa. Ba a ƙirga ta cikin taron ba, amma babu abin da ya wuce kunnenta.

A lokacin ina koyarwa a firamare a Makarfi. Na taso a keke tun da sassafe domin Baba ya aiko a ce in zo in karanta takarda. Auta ya gama sakandare, har da shekaru biyun da ake ƙarawa a sama ga mai neman jami'a, kuma sakamakonsa ya yi kyau. Abin da za a karanta wani ɗan littafi ne daga sabuwar jami'ar da aka buɗe a Zariya, mai bayanin fannoni da sharuɗɗan shiga kowanne, haɗe da fom guda ɗaya. Auta zai iya karantawa da kansa, ya ma fi ni Turanci. Amma a gidanmu ba a sa yaro ya karanta maganar da ta shafe shi a gaban manya.

"Kai, malamin makaranta," in ji Baba. Haka yake kirana, domin ni ne ɗan fari, bai taɓa faɗin sunana ba. "Karanta mana da Hausa. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Fannoni biyu Auta ya sa wa alama da fensir: ilmin kasuwanci da ilmin tsara gini. Na ɗauko farar takarda na ja layi a tsakiya, kasuwanci a dama, gini a hagu. Dukansu suna neman Turanci da lissafi, kuma yana da su. Kasuwanci yana neman darasi biyu daga cikin wani jeri, kuma lissafi da labarin ƙasa da ya ci suna cikin jerin. Sai wasiƙar shugaban makarantarsa. A nan ɓangaren dama ya tsaya. Na hagu ya ci gaba da gangarowa. Ana neman lissafi mai zurfi, ana neman fiziks.

"Mene ne shi kuma?" in ji Kawu.

Na ce ilmin nauyi ne da ƙarfi, da yadda abu ke ɗaukar abu.

"To ai shi muke yi tun muna yara. Ashe suna gare shi."

Auta yana da wannan ma. Amma bayan haka ana so mai nema ya aiko da zane-zanen da ya yi da hannunsa, kuma in an ga sun yi, a kira shi a yi masa tambayoyi ido da ido. Karatun kasuwanci shekara uku ne. Na gini ya kusa ninka haka. A ƙasan shafin akwai layi guda da ke cewa a duba bayan fom a sa hannu. Na ce, "Sai kuma wata takarda da zai sa wa hannu," na wuce. Ban juya fom ɗin ba. A ganina kowane fom yana da wurin sa hannu.

Baba ya karɓi takardata ya riƙe ta nesa da fuska. Ba ya karanta boko, amma tsawon layi biyu ba ya buƙatar karatu. Ya ce wannan ta dama ƙofa ce a buɗe, wancan kuwa sai an hau katanga. Manomin rake ne, kuma yana da injin matsa wanda doki ke juyawa. Duk rani gidanmu ƙamshin mazarƙwaila yake yi, har tufafin da nake zuwa aji da su. Ya daɗe yana ganin 'yan kasuwar Kano suna zuwa da mota su kwashe ta a farashin da suka ga dama, yana kuma son ɗa guda da zai iya tsayawa gabansu da irin harshensu.

"Shekara nawa ka ce na ginin?" Kawu ya sake tambaya. Na maimaita. Ya tafa hannu. "A koyi gini a zaune a kan kujera? Ni a ba ni shi rani biyu, in bai ɗaure bakan rufin soro ba a canja mini suna."

Baba ya juya wajen Auta. "Kai fa? Wanne kake so?"

Auta ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da ɗan tsinke. Daga bayan katanga muryar Kaka ta taso.

"Kuna wahalar da mijina a banza. Yaron da tun yana rarrafe yake cin jar ƙasa? Na sha ƙwace ta daga bakinsa. Ku ba shi kanti ku gani, zai bar masu saye a tsaye yana duban rufi."

Kowa ya yi dariya, har Baba. Gaskiya ta faɗa. Kowane hutu Auta bayan Kawu yake, yana cuɗa ƙasa, yana miƙa tubali. Sannan Baba ya yanke. Fom ɗin layi ɗaya ya bari na rubuta fanni, kuma ana rufe karɓa ranar Juma'a ta uku daga ranar. In zane ya samu kafin nan, a rubuta gini. In bai samu ba, ni zan rubuta kasuwanci da hannuna, kuma magana ta ƙare, babu jiran baɗi.

Matsalar ita ce Auta ba shi da zane ko ɗaya. Makarantarsu ba ta da malamin zane. Kawu kuwa bai taɓa yin gini da takarda ba. Na sha ganin yadda yake fara aiki. Zai zo filin da safe tare da mai gida, ya tambaye shi yawan iyalinsa da inda yake son ƙofa, ya dubi gabas, sannan ya tuɓe takalmi ya ja layi a ƙasa da diddige. Yana tafiya yana ƙirga taku a ransa. Kafin hantsi gida ya kwanta a ƙasa, zaure da ɗakuna da wurin rijiya. Mai gida ya shiga ya fita ta ƙofofin da babu su tukuna, in wani wuri bai yi masa ba a goge da ƙafa a sake. Da an fara haƙa tushe, zanen ya tafi. Duk abin da Auta ya taɓa zanawa haka ya tafi.

A ranin nan Kawu yana gina wa wani dillalin rake zaure a Nasarawan Doya, babban zaure mai ɗaurin guga, wato rufin da bakuna huɗu ke tashi daga bango su haɗu a tsakiya. Wannan zauren ne Auta ya ce zai zana. Na samo masa manyan fararen takardu takwas a Makarfi, da fensir biyu, da rula, da igiyar awo. Kwana goma yana kwana a can. Na je sau biyu bayan an tashi daga makaranta.

Kwanakin nan suna cikin waɗanda na fi tunawa a rayuwata. Inuwar zauren da ba a gama ba tana da sanyi, ga ƙamshin ɗanyar ƙasa, ga leburori suna jefa tubali sama suna waƙa. Auta ya ɗora takarda a kan wani tsohon ƙyaure yana ja. Kawu, da ya ce karatun kujera banza ne, shi ne ya kasa barin wurin. Zai sauko daga kan bango ya tsaya a kansa, hannu a baya. Da ya gane cewa abin da ke kan takardar zaurensa ne an yanke shi gida biyu ana kallon cikinsa, sai da ya yi salati. Daga nan shi ke riƙe bakin igiya. Shi ke cewa a nan azara uku ce a cikin bango, ba biyu ba.

A zuwana na biyu na tarar suna gardama a kan wani baka.

"Wannan naka ba zai ga damina biyu ba," in ji Kawu. "Ka kwantar da shi kamar bayan jaki."

"Kawu, haka awon ya ba ni."

"Awon ya yi ƙarya. Kawo abin nan."

Ya karɓi fensir, ya riƙe shi yadda ake riƙe alƙalamin kara, ya dafe takardar da babban yatsa, ya ja baka ɗaya daga ƙasa zuwa sama bai ɗaga hannu ba. Da aka sake aunawa, nasa ne daidai. Auta ya goge nasa ya bi ta kan na Kawu. Yatsan ya bar tambarin jar ƙasa a gefen takardar, muka yi dariya muka bar shi.

Zane biyar suka fito, kuma har yau ban ga abin da ya fi su kyau a ido ba. Ranar Lahadi, saura kwana biyar a rufe, muka sake zama a zaurenmu bayan la'asar, mu huɗun nan. Na cike fom, suna da gari da makaranta. Na zo layin fanni na tsaya, na juya bayan takardar domin nuna wa Auta inda zai sa hannu.

"Me aka rubuta a nan?" in ji Baba.

Na duba. Layi biyu ne. Na karanta su a zuci. Zan iya cewa wurin sa hannu ne kawai, kamar yadda na ce a farko. Amma ya tambaye ni kai tsaye, kuma ya riga ya gaya mini yadda yake so a karanta masa. Na ce, "An rubuta: na shaida cewa waɗannan zane-zane aikina ne ni kaɗai, ba wanda ya taya ni."

"Shaida ce ke nan."

"Ka'ida ce kawai, Baba. Kowa yana sa hannu."

"Na kasuwanci ma akwai ta?"

"Babu. Su ba su nemi zane ba."

Baba ya jawo takardun gabansa yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan mai tambarin yatsa. Bai tambayi Kawu ba, Auta ya tambaya. "An taya ka?"

"Kawu ya riƙe mini igiya. Ya kuma gyara mini baka ɗaya."

Na shiga bayani. Na ce abin da suke gudu shi ne mutum ya biya wani ya zana masa. Na ce yaran birni malamansu na tsaye a kansu suna gyara musu, kuma ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Na yi magana mai tsawo, da na ga kamar ina cin nasara har na fara ɗaga murya.

Baba ya bari na gama. "Ba wanda ya taya ni. Haka ka karanta, ko ka ƙara?"

"Ban ƙara ba."

"Ranar farko fa? Ka rage?"

Da na juya fom ɗin tun ranar Asabar ta farko, da an hana Kawu kusantar takardar, da kwana goman nan ba su tafi a banza ba.

Kawu ya gyara zama. A al'adar magina duk ginin da aka yi a ƙarƙashin maigida nasa ne, ko yaransa ne suka ɗora kowane tubali, kuma yana da ikon cewa ya bar wa wane. "Malam, ai mai sauƙi ne," ya ce wa Baba. "Layin nawa ne, na ba shi. Kyauta, duniya da lahira. Ku ne shaida."

"Allah ya saka. Amma takardar ba ta tambayi na wane ne ba. Cewa ta yi ba a taya shi ba, kuma an taya shi. Ba zai fara karatu da wannan ba."

"Layi ɗaya fa!"

"Da ba shi da amfani, da ba ka ja shi ba."

Baba ya dube ni ya ce in riƙe fom ɗin, kada in rubuta komai a layin fanni sai safiyar Juma'a. Sharaɗinsa yana nan yadda yake.

Takardu uku suka rage. Auta ya ce zai sake, amma ba a Nasarawan Doya ba, ba kuma a Gazara ba, domin duk inda ya shimfiɗa takarda Kawu zai biyo shi.

"Ni? Ko kallonka ba zan yi ba," in ji Kawu.

"Za ka yi tari," in ji Auta. Wannan ne karo na farko da na ji ya mayar wa Kawu magana. "In na ja ba daidai ba za ka yi tari, ni kuma zan gane."

Muna da goggo, ƙanwar Baba, da ke aure a Saulawa, wajen Ikara. Na nemi izinin kwana biyar a makaranta, na goya Auta a keke ranar Litinin da asuba, takardun a naɗe cikin tabarma a bayansa. Mun isa rana ta take. Goggo ta ɗauka rasuwa aka yi. Da muka gaya mata zane muka zo yi, ta dubi gidanta sama da ƙasa ta ce, "A nan? Ko dai karatun ya taɓa ku?"

Ba ta yi kuskure ba. Babu abin gani a gidan. Zaure ne ƙarami mai baka ɗaya, ya tsage daga sama, da ɗakinta mai rufin ciyawa, da rumbun dawa a tsakar gida. Na ce wa Auta mu ƙarasa Ikara mu nemi ginin gwamnati mai kwano, abin da za a gani a ce gini. Ya ce babu lokaci, kuma ba za a bar shi ya hau bangon gwamnati da igiya ba.

Da ya warware igiyar na miƙa hannu zan riƙe bakinta, kamar yadda kowa zai yi. Ya janye.

"Yaya, kai ma wani ne."

Ya kafa turke ya ɗaure bakin igiyar. In ya gama gefe ɗaya sai ya tumɓuke ya kai wani gefen. Aikin minti biyar yana cin rabin sa'a. Ni kuwa na zauna gindin ɗorawa a ƙofar gida ina shan raken da mijin Goggo ya sara mini, ba ni da aikin yi sai kallo. Ya shiga ƙarƙashin rumbun da rarrafe ya ƙirga duwatsun da yake zaune a kai. Ya hau ya buɗe murfin ciyawa ya zura kai ciki, Goggo tana ihu kada ya zubar mata da dawa. Ya auna kaurin bangon a gindi da a baki da tafin hannu. Da ya zo kan zauren, ya zana bakan yadda ya same shi, a karkace, har da tsagar.

Na ce, "Ba za ka miƙar da shi ba?"

"Haka yake."

Na ga wuri guda a zanen rumbun da ya rubuta lamba ba daidai ba, ya juya biyu da bakwai. Na buɗe baki na rufe. Na tashi na bar wurin don kada in yi tari. Washegari da safe ya gano da kansa, ya goge, wurin ya yi duhu-duhu.

Ranar Alhamis da yamma muka koma Gazara. Zane uku ne, kuma in aka jera su da na farko, ba su kai su ba. Akwai gurbin gogewa, ɗaya ya ɗan yage a gefe inda iska ta fizge shi. Kawu ya zo, amma ya tsaya a waje, ya juya wa zauren baya yana duban katangar maƙwabta, sai da aka ce an gama sa hannu.

Baba ya tambayi Auta sau ɗaya. "An taya ka?"

"A'a."

Ya dube ni. Na ce rake kawai na sha.

Auta ya sa hannu. Na rubuta ilmin tsara gini a layin fanni. Sai a lokacin Kawu ya shigo, ya ɗaga zanen zauren Goggo ya daɗe yana kallo. Ya ce wanda ya gina wannan ya yi rowar azara, kuma a gaya wa mijinta ya tokare shi kafin ruwa ya sauka. Ya tattara biyar ɗin farko ya naɗe ya sa a hammata.

Ranar Juma'a na shiga motar rake zuwa Zariya, na isa ofishin karɓar takardu kafin a tashi salla. Akawun ya ƙirga takardun, ya buga hatimi, ya ba ni 'yar takardar shaidar karɓa. Duka bai ɗauki minti biyu ba.

Wasiƙar kira ta zo bayan an yi shuka. Auta ya ce malamai uku ne suka zauna da shi, kuma rabin tambayoyinsu a kan rumbun ne: me ya sa aka ɗora shi a kan duwatsu, me ya sa bangon ya fi kauri a gindi. An ɗauke shi, ya fara karatu bayan damina. Zauren Goggo ya faɗi a daminar da ta biyo baya, ba a tokare shi ba. Zane biyar na farko kuwa Kawu ya soke su a jikin azarar ɗakinsa, yana saukowa da su ya nuna wa duk wanda ya zo neman a yi masa zaure, har ya rasu Auta yana shekara ta huɗu a jami'a.